Rufaffiyar Ƙwarya a Birnin Marke

An yi wani sarki a Birnin Marke, sunansa Ƙasimu, mutum ne mai ƙarancin dariya, mai yawan tambaya, wanda idan ya ɗora wa mutum aiki ba ya sake tayar masa da maganar sai ranar da zai nemi sakamako. A zamaninsa aka yi wata shekara da fara ta sauko wa ƙasar ana dab da girbi, ta cinye gero, ta cinye dawa, ta bar kara tsaye tsirara. Mutane suka ci abin da ke rumbu har rani ya wuce. Da damina ta faɗi suka shuka ɗan irin da ya rage, shuka kuwa ta yi kyau, amma tsakanin ganyen gero da zangarniyarsa akwai watanni, a cikin watannin nan ne kuwa yunwa take kisa.

Sarki ya sa aka kira masa Waziri Hashimu, ya ce, "Waziri, rumbunan fada sun ƙare, saura ɗaya. Na ba ka shi amana. Ina so ka ciyar da birnin nan da shi har a ci tumu. Idan hatsin ya ƙare kafin nan, ko kuwa aka fitar da gawa daga wani gida aka ce yunwa ce ajalinta, to Allah zai tambaye ni ranar hisabi, ni kuma kafin ranar zan tambaye ka, rawanin da ke kanka kuma zai koma kan wani."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji, na karɓa."

Ya tafi ya hau tsani ya leƙa cikin rumbun. Ya daɗe yana dubawa. Ya ga cewa in aka ce a raba shi gida-gida kowa ya je ya tuƙa tuwonsa, ko rabin tafiyar ba zai kai ba. Ya sauko, ya nufi gida, ya iske uwargidansa Hansatu tana tsince wake a faifai.

Ya zauna bakin tabarma ya ce, "Uwargida, mudun dawa ɗaya, mutum nawa yake ci?"

Ta ɗago kai ta dube shi. "Ikon Allah! Gemunka ya yi furfura a kan tuwona, sai yau ka tuna ana auna shi?"

"Ba wasa na zo yi ba."

Da ta ga fuskarsa sai ta ajiye faifan. Ta ce, "Ya danganta da abin da aka yi da shi, Maigida. Tuwo cin hatsi gare shi, abincin shekarar yalwa ne. In ana son hatsi ya yi auki sai a ɓarza shi tsaki a yi fate, a cika tukunyar da yakuwa da rama. Abin da mutum biyu za su lashe a tuwo su tashi suna harara, in aka yi fate da shi gida guda zai ƙoshi. Damina ce, ganye ga shi nan kyauta a bayan kowace katanga, tafasa, lalo, zogale. A jefa wake kaɗan da 'yar kanwa don ya yi saurin nuna, shi ne ke riƙe ciki har gari ya waye. Kada a ba dabba dusa bana, a tankaɗe ta a mayar cikin tukunya. Ƙanzo kuma a kankare a shanya, a jiƙa da safe, karin kumallo ne."

"Daddawa fa, da itace?"

"Babbar tukunya ɗaya ta fi ƙanana goma sauƙin itace, ta fi su sauƙin daddawa. Kowace mace ta san wannan. Ku maza ne dai ba kwa tambaya sai ta ɓaci."

Waziri ya tashi. Kashegari aka kafa manyan murahu a ƙofar fada, aka ɗora tukwane irin waɗanda mutum zai shiga ya ɓuya, mai shela ya zaga gari yana cewa duk mai jin yunwa ya zo da ƙoƙonsa. Jama'a suka zo, baƙi da matafiya da mutanen ƙauyen da suka gudo birni da waɗanda dama roƙo ne sana'arsu. Kowa ya samu. Waziri ya riƙa leƙa rumbu yana ganin hatsin na sauka a hankali yadda yake so, har ya fara samun barci.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa. A unguwarsu, kamar kowace unguwa, akwai al'adar ciyayya, wato bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa ƙofar gida, a haɗa kwanonin wuri ɗaya a ci tare, a gama da wannan a jawo wancan. Tun da aka shiga wannan hali sai kwanonin suka riƙa raguwa. Wannan ya ce haƙori ke damunsa, wancan ya ce yana da baƙo a ciki. Waziri ya duba layin ƙofar fada, bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Cikin waɗanda suka daina fitowa har da Nomau marini, ɗan gwaggon Waziri, taubashinsa, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun suna yara suke tsokanar juna. Waziri ɗan namiji ne, Nomau ɗan mace, saboda haka yakan kira Nomau bawansa, shi kuma Nomau yakan ce masa ubangidan ƙarya mai cin gumin fada. Nomau mutum ne mai rufin asiri, da hannunsa yake ci, amma a shekarar yunwa wa zai kai riga rini? Karofi, wurin rininsa, ya bushe. Da Waziri ya tambaye shi dalilin rashin fitowarsa sai ya ce azumin nafila yake yi, yana buɗa baki a ciki.

Wata rana da la'asar Waziri yana zaune tsakar gida sai ya ji daka daga gidan Nomau. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe suna da na sakawa a turmi."

Hansatu ta ce, "Saurara da kyau, Maigida. Turmi mai hatsi a ciki yake kuka, ƙasa-ƙasa. Wannan itace ne ke bugun itace. Matar Nomau ta daɗe tana yin haka kullum la'asar, don maƙwabta su ji."

Waziri ya kasa kunne. Gaskiya ne. Ƙarar busasshiya ce, ba komai a ƙarƙashin taɓaryar. Ya tuna cewa gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa tukuf, tana cikin gidan nan.

Bai tsaya shawara ba. Ya sa aka auno buhun dawa daga abin gidansa, ya ɗora wa wani bafade ana ce masa Bagudu, ya ce ya kai gidan Nomau. Bagudu kuwa ya bi ta babbar hanya ido na ganin ido, da jar rigarsa ta fadanci, ya tsaya ƙofar gidan ya rangaɗa sallama yadda duk layin zai ji, ya ce ga saƙo daga Waziri.

Jim kaɗan ya dawo yana washe baki, da wata kore mai sheƙi a kafaɗarsa, baƙar riga irin wadda aka rina aka buga har tana ɗaukar ido. Waziri ya gane ta. Ita ce rigar da Nomau yake zuwa masallacin Juma'a da ita.

"Wannan fa?"

"Tukuici ne, ranka ya daɗe. Ai mutumin kirki ne. Ya ce saƙon Waziri ba a sallamar ɗan aikensa da hannu wofi."

"Dawar fa?"

"Nan take ya kwance bakin buhun a ƙofar gida, ya ce taubashinsa ya aiko da sadaka a raba wa mabukata, don ya san gidansa ba a rasa ba. Ya kira masu wucewa, ya rabar da ita tas, har buhun ya ba wata tsohuwa."

Waziri ya riƙe kai. Shi da aka haifa cikin wannan al'ada, shi ne ya manta cewa kyauta ba ta shiga gidan mutumin kirki sai tukuici ya fita, kuma kyautar hatsi a bainar jama'a shela ce cewa gidan nan babu. Ya so ya ciyar da ɗan'uwansa, sai ya tuɓe masa riga.

Ranar Juma'a Nomau bai je masallaci ba. Da aka sauko Waziri ya shiga zaurensa, ya iske shi zaune da wata tsohuwar taguwa, wuyansa ya zama kamar na zakara.

Ya ce, "Bawana, me ya hana ka salla?"

Nomau ya yi murmushi. "An ce mini kai ne a sahun gaba. Na ce sallar da aka yi a bayanka sai an rama, gara in yi tawa a gida."

"Bari in gaida Gwaggo."

Ya shiga. Tsohuwar tana kwance a kan tabarma, da ƙyar ta ɗaga hannu ta shafa kansa. Ya ce, "Gwaggo, kin ci abinci?" Ta ce, "Yanzu na ture kwano, ɗana." Ya duba ɗakin, babu kwano, babu ƙuda.

Ya komo zaure ya durƙusa gaban Nomau, abin da bai taɓa yi ba. "Don girman Allah, Nomau."

Nomau ya daina murmushi. Ya ce, "Hashimu, kada ka ƙara. In ka sake ɗoro wa bafade buhu, ƙyauren gidan nan zan cire in ba shi, shi ya rage. Ubana bai taɓa tsayawa da ƙoƙo a ƙofar kowa ba, ni ma ba zan fara a ƙofar fada ba, tsakanin mutanen da na saba ba su sadaka. Ita ma Inna ta ce in na kawo mata abincin roƙo ba za ta haɗiye ba. Ka bar mu da rufin asirinmu. Shi kaɗai ne fara ba ta ci ba."

Waziri ya fito yana tafiya kamar wanda aka doka. Yana bin layi yana jin daka daga wannan gida da wancan, yanzu kuwa kunnensa ya buɗe, ya ji da yawansu itace ne a kan itace. Ya gane cewa gawar da Sarki ya ambata ba a layin ƙofar fada za ta faɗi ba, daga irin waɗannan gidaje za ta fito, kuma mai yiwuwa ta farko gwaggonsa ce. Ya yi ta juya abin a ransa. A ina irin Nomau yake sa hannu cikin abincin wani ba tare da kunya ba? A ciyayya. Me ya sa? Domin kwanonsa na cikin kwanonin. Daga nan bai koma gida ba, fada ya wuce.

Ya faɗi gaban Sarki ya kwashe labari duka ya faɗa masa, har da kuskurensa na buhu, sai dai bai ambaci suna ba.

Sarki ya ce, "Mutumin da ba ya roƙo, in an kira shi ba ya zuwa, in an kai masa ya rabar, ta yaya za a ciyar da shi?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, sai a karɓa daga gare shi."

Sarki ya ɗaure fuska. Waziri ya ci gaba, ya ce a bar tukwanen ƙofar fada ga baƙi, amma a kowace unguwa a gina bukka guda, a cikinta a gina ɗan rumbun ƙasa mai tsawo, mai ƙunƙuntar baki, yadda mai zubawa zai ɗaga hannu ya zuba amma ba zai ga cikinsa ba. Da asuba a fara zuba awon fada. Da hantsi kuma kowane magidanci, bisa umarnin Sarki, ya zo da ƙwarya a rufe da faifai, ya shiga shi kaɗai, ya saki asabari, ya juye abin da ya kawo, ya fito da ƙwaryarsa a rufe. Da yawa ne, kaɗan ne, babu ne, tsakaninsa da Mahaliccinsa. Sannan matan unguwa su buɗe ta ƙasa su dafa a tukunya ɗaya, a zuba wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa. Ba godiya, ba tukuici, domin ba a yi wa mutum godiya a kan abincinsa.

Sarki ya ce, "In kowa ya shiga da ƙwarya wofi fa?"

"To hatsinka ne kaɗai a tukunya, kamar yadda yake yanzu. Sai dai ya shiga cikin da da bai shiga ba."

Sarki ya ce, "Ni zan fara shiga."

Haka kuwa aka yi. Mai shela ya zaga ya ce wannan haraji ne na tukunya, wanda ya ƙi kawowa ya saɓa wa Sarki. Ranar farko Sarki ya fito da ƙafa, da ƙwarya a hannunsa kamar kowa, ya sunkuya ya shiga bukkar unguwar fada. A unguwar Waziri kuwa magidanta suka jeru. Can sai ga Nomau da tsohuwar taguwarsa, ya tallabo ƙwarya da hannu biyu, yana ɗan karkacewa kamar ta yi masa nauyi. Waziri ya juya fuskarsa ga katanga har ya shiga ya fito.

Da magariba ta yi, kwanoni suka fito ƙofar gida kamar da. Fate ne a kowane kwano, yana tururi, yana ƙamshin daddawa. Nomau ya ajiye nasa a tsakiya da ƙarfi, ya dubi Waziri ya ce, "Ubangidan ƙarya, matso ka ci na gidana, yau ka san abin da ake kira girki. Naka ture shi gefe, gishiri bai ji ba."

Wani maƙwabci ya ce, "Ai tukunya ɗaya ce, Nomau."

"Tukunya ɗaya ce, amma hatsina ne ya taso sama, shi aka zubo mini."

Aka yi dariya. Waziri ya sa ludayi, ya tambaya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo fa?"

"Ta shanye nata, tana faɗa wai an cika yakuwa."

Waziri ya sunkuyar da kai cikin kwano, ya daɗe bai ɗago ba.

Abin da ya biyo baya kuwa, Waziri da kansa bai zata ba. Hansatu ce ta fara gaya masa, ranar da girki ya zagayo kan matan layinsu. Ta ce, "Maigida, abin da ke fitowa ta ƙasa ya fi abin da fada take zubawa ta sama." Ya je ya tsaya ya ga an buɗe da idonsa. Dawar fada ta zubo, a bayanta sai ga wani tsohon gero mai warin ƙasa, irin wanda ya kwana shekaru a rami, sai wake, sai acca, sai dunƙulen daddawa a naɗe cikin ganye, sai busasshen kifi. Matan suka baza faifai suna warewa, abin da bai waru ba su ce fate ba ya fushi da gauraye. Ashe akwai masu hali a garin da suka binne hatsinsu, ba don rowa kaɗai ba, sai don tsoron kada a gan su da shi a yi musu caa, ko a ƙwace. Asabarin da ya rufa wa maras shi asiri, shi ne ya rufa wa mai shi. Waziri ya tsaya yana kallon hatsin nan yana kwarara, yana tasbihi. Daga ranar ya rage awon fada, amma kwanoni ba su ragu ba.

Labari ya kai ga Sarki. Ya kira Waziri gaban fadawa ya ce, "Na ji akwai mutane a birnina da suke ciyar da jama'ata fiye da ni, ban kuwa san su ba. Sarkin da bai saka wa mai alheri ba azzalumi ne. Ka huda bangon kowace bukka, ka ajiye amintacce ya duba, ya kawo mini sunayensu in ɗaukaka su."

Waziri ya san Sarki ba ya son a mayar masa da magana, amma bai fasa ba. Ya dafa ƙasa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, niyyarka niyyar adalai ce, amma wannan umarni ina roƙo a ɗauke mini shi. Idon da zai ga cikakkiyar ƙwarya, shi ne zai ga wofi. Ranar da aka ji akwai huda a bango, mai wofi zai zauna a gida ya mutu da mutuncinsa, mai cikakkiya kuma zai koma ya binne abinsa. Ni kaina akwai wanda nake so in san me yake kawowa, jinina ne, amma in ya zo juya baya nake yi. Waɗannan mutane sun ba Wanda yake gani ba tare da huda ba, kuma sakamakonsa ya fi naka yawa, ranka ya daɗe."

Sarki ya dube shi har fadawa suka fara sunkuyar da kai. Sannan ya ce, a hankali, "Subhanallahi. Na so in saka wa mutum goma, in kashe ɗari. A bar bango yadda yake."

Aka ci gaba a haka har gero ya fitar da kai, ya yi ido, yara da manya suka shiga gona suka karyo, aka gasa tumu a kowane gida. Ba a fitar da gawar yunwa ko ɗaya daga Birnin Marke ba. Sarki ya hau tsani da kansa ya leƙa rumbun fada, ya ga akwai saura a gindinsa, ya sauko ya koma ya zauna a kan karaga.

Ya sa aka yafa wa Waziri alkyabba, ya ba shi gandu a bakin fadama, ya kuma yi umarni kada a rushe bukkokin nan, a riƙa yi musu sabuwar jinka kowace shekara ko da ana cikin yalwa. Sannan ya dubi jama'a ya ce, "Ku riƙe wannan daga gare ni, ni ma koya na yi. Wanda ya ciyar da mai yunwa ya karɓe masa mutunci, ciniki ya yi da shi, kuma ya cuce shi a cinikin. Adalci shi ne haƙƙin mutum ya iske shi har gida, ya ci ya ƙoshi, kansa a ɗage."